Motar da Baba ya bari tana shaƙewa da mai, Yaya ya ce a sayar

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a unguwar Bagalam, nan cikin Maradi. Ga abin da ya ce, a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 1987, mai shan fetur. Da ita nake kai kaya da mutane kasuwannin ƙauye arewa da Dakoro, kuma da abin da take kawowa ake cefane a gida. Wata uku ke nan tana ba ni wuya. In na kashe ta da zafi sai ta ƙi tashi, warin fetur ya cika gaban mota, in ta tashi kuma sai baƙin hayaƙi. Ran nan ma na ga mai yana ɗiga daga jikin karburato. Sau uku makaniken Baba, amininsa na shekara da shekaru, yana kwance karburaton ya wanke, kwana biyu ta koma gidan jiya. Kafin wannan tana yi mini tsaye-tsaye a hanya kamar mai ba ya isa, sai wani abokina ya sa mata famfon lantarki kusa da tanki. Ban faɗa wa tsohon ba don kada ya ji ba daɗi. Injin dai lafiya lau yake, ko man inji ba ya ci, har ƙaruwa nake gani yana yi. Yayana ya ce mota ta tsufa, a sayar a raba gado. Ni kuwa ina ganin aikin ne ya fi ƙarfin tsohon, amma ina jin nauyin in kai ta wani gareji. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari.

Zan fara da abin da ka ɗauka albishir ne, domin shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙar. Man inji ba ya ƙaruwa da kansa. In ka zaro sandar awo ka ga ya haura inda ka bar shi, wani abu ne ke shiga cikinsa, kuma a motar da ke shaƙewa da mai, wannan abin fetur ne. Gobe da safe, kafin ka taɓa makulli, zaro sandar ka shinshina. Ɗiga ɗigo guda a yatsa ka murza. Man kirki yana da kauri da santsi, wanda fetur ya shiga kuwa sai ka ji shi tsararo kamar kunun da aka cika wa ruwa, ga warin fetur ƙarara. Irin wannan man ba ya kare ƙarfe daga ƙarfe. Kullum ka ɗauki hanyar Dakoro da shi, cikin injin ne ke cinye kansa a hankali, ba tare da ka ji ƙara ba sai ranar da aiki ya gama lalacewa. Saboda haka in ka ji warin nan, motar ta kwana a gida. Kada ka ɗauki fasinja ko ɗaya, kada ka ɗora buhu ko ɗaya, har sai an gano bakin zaren an juye man an zuba sabo tare da sabuwar filta.

Ba don injin kawai nake faɗin haka ba. Injin motarka, wanda Toyota ke kira 3F, mai silinda 6 a jere, lita 4, an ƙera shi ne da bututun shigar mai da na fitar hayaƙi a gefe guda. Ma'ana, karburaton yana zaune ne a kan wuri mafi zafi a jikin injin. Man da ka ga yana ɗiga, kan ƙarfe mai zafi yake sauka. Na taɓa tsayawa a gefen hanya ina kallon mota irin wannan tana ci da wuta, direban yana watsa mata ruwan jarka, wutar tana bin ruwan tana yaɗuwa, mata suna jan ƴaƴansu suna gudu cikin gona. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma ko kujera ba a fitar ba. Wutar fetur ba ta jin ruwa. Yashi ne maganinta, ko tukunyar kashe gobara, kuma ba a wangale murfin inji gaba ɗaya a ba ta iska. Kai da ke ɗaukar mutane goma sha a bayan mota, wannan amana ce a wuyanka.

To, yanzu mu zo kan karburaton, wanda ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka ke ce wa kafireto. Mutane suna tsoronsa kamar akwai aljani a ciki, alhali aikinsa mai sauƙin ganewa ne. A jikinsa akwai wani ɗan kwano da mai ke taruwa. A cikin kwanon akwai fulota, wani abu mara nauyi da ke yawo a saman mai kamar yadda goran masunci ke yawo a tafkin Madarumfa. In mai ya hau, fulota ta hau tare da shi, ta tura wata ƴar allura cikin mazauninta, ƙofar mai ta rufe. In inji ya sha, mai ya sauka, fulota ta sauka, allura ta saki, mai ya shigo. Shi ke nan. Duk shaƙewar da kake gani, asalinta a ce ƙofar nan ba ta rufe ba lokacin da ya kamata ta rufe. Mai ya tumbatsa, ya kwarara cikin maƙogwaron inji, ya jiƙa buji, wato abin da ke tartsatsin kunna mai, wuta ta kasa kamawa. Inji yana son iska wajen kashi 15 a kan kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Da fetur ya zarce haka sosai sai baƙin hayaƙi, in ya ƙara zarcewa sai ta ƙi tashi sam.

Tambayar ita ce me ke hana ƙofar rufewa. A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Ka sake karanta wasiƙarka da kanka, ka bi ta daki-daki. Da farko mota tana tsaye-tsaye kamar mai ba ya isa. Sai aka sa famfon lantarki. Sai ta fara shaƙewa. Sai tsohon ya wanke karburato, ta yi lafiya kwana biyu, ta koma. Ban ga motar da idona ba, amma labarin da wannan jerin ke ba ni shi ne: tankin da ya kusa shekara 40 ya yi tsatsa da laka a ƙasansa, dattin ya toshe filta, mai ya daina isa. Maimakon a wanke tanki a canza filta, sai aka kawo famfon da zai tura mai da ƙarfin tsiya. Yanzu abu biyu ne ke faɗa da allurar nan. Ga datti da ke maƙalewa tsakaninta da mazauninta, kuma ƙwayar yashi guda ta isa ta bar ƙofa a buɗe. Ga kuma ƙarfin famfo da ke tura ta baya.

Batun ƙarfin nan ka riƙe shi da kyau. Famfon asali na motarka, wanda ke manne a jikin inji, injin ne da kansa ke motsa shi, yana tura mai ne a hankali, abin da bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turawa). Daidai wannan aka yi wa fulota da allura. Akwai famfon lantarki da aka yi musamman don karburato, mai ƙaramin ƙarfi, wannan ba laifi in an sa shi yadda ya dace. Amma yawancin waɗanda ke zube a wurin masu sayar da kayan mota na hannu, an ciro su ne daga motocin zamani masu fesa mai, kuma waɗannan suna turawa da wajen bar 3. Ninki 10 ke nan. Ko sabuwar allura ce fil daga kwali ba za ta iya tare wannan ba. Kuma in abokin naka ya bar tsohon famfo a hanya, sabon yana turawa ta cikinsa, to ƴar fatar robar da ke cikin tsohon tana iya yagewa, fetur ya riƙa zuba kai tsaye cikin man inji. Ga wata hanyar da man naka ke "ƙaruwa".

Ka ga ke nan, tsohon nan sau uku yana share ɗaki, kai kuma ka bar taga a buɗe ana iska, ba ka faɗa masa ba. Famfon yana can ƙarƙashin mota kusa da tanki, shi kuwa ka kawo masa ƙarar karburato, kansa yana cikin inji. Kwana biyun da take yi lafiya bayan ya wanke, shaida ce a gare shi, ba a kansa ba: hannunsa yana gyara abin da aka nuna masa, sai dattin ya sake tasowa daga baya. Ban ce ba ya kuskure ba. Ya kamata tun dawowa ta biyu ya ce a sauke tanki. Amma ba adalci ba ne ka yanke masa hukuncin tsufa a kan aikin da ka ɓoye masa rabinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kuma ka sani, a garin nan masu iya karburato raguwa suke yi. Yaran da ke tasowa a gareji yanzu sun fi sanin motar da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta. Wanda zai saurari inji da kunne, ya lanƙwasa ɗan harshen fulota da yatsa har mai ya tsaya daidai, sai irin su abokin mahaifinka. In ka bar shi ka tafi wani wuri, abin da ya fi yiwuwa shi ne a ce maka ka sayi sabon karburato na kwaikwayo, ka zuba jikkuna masu yawa, a ɗaura shi a kan tanki mai datti da famfo mai ƙarfi, sati guda shi ma ya fara tumbatsa.

Saboda haka ka je wurinsa, ba da rana tsaka da gareji ya cika da yara da masu jiran aiki ba. Ka same shi a gida bayan la'asar, ka gaishe shi kamar yadda kake gaida mahaifinka, ka ce: "Baba, na yi kuskure. An sa wa motar famfon lantarki ban faɗa maka ba, kunya ce ta hana ni." Zai yi faɗa, wataƙila sosai. Ka sunkuyar da kai ka sha. Faɗan da zai yi maka na mutumin da ya san motar tun kana goye ne.

Daga nan ku tsaya kan motar tare, kuma ina so ka kasance a wurin ka gani da idonka, kada ka ajiye makulli ka tafi shan shayi. Karburaton irin motarka, ƙirar Aisan, yana da wata ƴar tagar gilashi a jikin kwanon mai. Ka goge ta da tsumma. A kan ƙasa mai daidai, inji yana aiki a hankali, mai ya kamata ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ka ga ya cika gilashin har sama, ba sauran gardama, tumbatsa yake yi. Sai a cire tukunyar filtar iska, inji a kashe, a murɗa makulli zuwa inda famfon lantarki ke fara kuka ba tare da an tayar da mota ba, a haska tocila cikin maƙogwaron karburato. In mai yana ɗiga ko yana tsiyaya a ciki alhali inji ba ya motsi, allura ba ta riƙewa. Wannan leƙen sai inji yana kashe kawai. Kada ka taɓa kai fuskarka bakin karburato wani yana murza makulli, domin yana iya yin atishawar wuta.

Sai a cire famfon lantarkin gaba ɗaya, a haɗa tiyo yadda yake tun asali, a duba tsohon famfo ko fatarsa ta yage. In famfon naka mai baki uku ne, ɗaya bakin na mayar da rarar mai tanki ne, a hura tiyonsa a tabbatar bai toshe ba kuma ba wanda ya ɗaure shi, don toshewarsa ma tana ƙara ƙarfin turawa. A sauke tanki a wanke shi sosai, a juye abin da ya fito cikin farin roba ka gani. Ina kyautata zaton za ka ga jan gari kamar na bulo, da ruwa kwance a ƙasa. A hura tiyon mai tun daga baya har gaba, a sa sabuwar filta. Sai bayan duk wannan a taɓa karburato.

In an buɗe shi, abu biyu za ka roƙi tsohon ya nuna maka. Na farko bakin allura: in ya yi zobe, wato wani ɗan layi ya zagaye tsininsa inda ya daɗe yana bugun mazauni, wanki ba ya gyara shi, sai a canza allura da mazauninta tare. Na biyu fulota. In ta tagulla ce, ka kai ta kunne ka girgiza. In ka ji motsin ruwa a ciki, ta huje, ta sha mai, ta yi nauyi, ba za ta ƙara tasowa da ƙarfin rufe ƙofa ba. Ana kuma tsoma ta cikin ruwan zafi, in akwai huji sai ka ga ƙananan kumfa suna fita a jere. In ta baƙar roba ce, ita ba ta yin ƙara, tsotse mai take yi a hankali har ta yi nauyi, sai an gwada ta da wata a hannu. Tsayin fulota kuwa akwai ma'auninsa, kuma gilashin nan shi ne alƙali bayan an mayar.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma a duba su tunda an riga an buɗe. Cok, wato murfin da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi, wanda makanikanmu da suka koyi aiki da Faransanci ke ce wa sitata, a tabbatar yana buɗewa gaba ɗaya in an mayar da shi, don wayarsa kan cije ta bar shi rabi a rufe. Filtar iska, bayan ƙurar hunturu da yashin hanyoyin arewa, in ta toshe inji yana jan fetur fiye da kima. Murfin tanki, in ka buɗe shi da rana ka ji ya yi dogon tsaki, iska ba ta fita yadda ya kamata. Buji kuma a ciro duka 6 a jera su: baƙi mai laushi kamar na gindin tukunya alamar mai ya yi yawa ne. A duba wutar delko ma, wato abin da ke raba wa buji wuta, domin wuta mai rauni tana barin buji a jiƙe har a ɗora wa karburato laifin da ba nasa ba.

Akwai wani abu guda da ba lalacewa ba ne, hali ne na irin waɗannan injuna a ƙasa irin tamu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, in ka kashe mota bayan doguwar tafiya cikin yashi, fanka ta tsaya, zafin bututun hayaƙi sai ya hau karburato ya tafasa man da ke cikin kwano, ya malala cikin inji. Minti 15 ko 20 ka dawo ta ƙi tashi. A tabbatar faifan da ke raba karburato da zafin inji yana nan ba a jefar da shi ba. In ka isa kasuwa kuma, bar ta ta yi aiki a hankali minti biyu kafin ka kashe, ka nemi inuwa, ka ɗan ɗaga murfin inji. In duk da haka ta shaƙe, kada ka yi ta bugun totur. Duk bugu guda akwai ɗan famfo a cikin karburato da ke tsarta fetur, kana ƙara wa mai shaƙewa ruwa ne. Ka mayar da cok, ka taka totur har ƙasa sau ɗaya ka riƙe shi a can, ka murza makulli kamar daƙiƙa 10, ka huta rabin minti, ka sake. Iska ce za ta share rarar man. Amma wannan dabara ta ranar da babu ɗiga a waje ce. In kana ganin mai a jikin inji, ba a murza makulli sai an goge ya bushe.

Man da kake sha ma ka sa masa ido. Na san a ƙauyukan da kake zuwa babu gidan mai, sai na kwalba da jarka wurin ƴan ruwa-ruwa, kuma su ma neman halalinsu suke yi. Sau da yawa ba fetur ɗin ne ke da laifi ba, jarkar ce da mazurarin da ke kwance a ƙasa iska tana zuba musu yashi. Ka ajiye mazurarinka mai rariya a cikin leda, ka tace duk litar da za ta shiga tankin da aka wanke, ka riƙa yawo da filta guda ta ajiya.

Saura maganar Yayanka, kuma a nan ba zan goyi bayanka gaba ɗaya ba. Motar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Tun ranar da mahaifinku ya rasu ta zama ta magada duka, da mahaifiyarku in tana raye, da ƴan'uwanka mata, da shi Yayan. Yana da haƙƙin ya ce a raba, kuma mutumin da ke ganin kuɗi na fita wata uku ba ya ganin na shiga, ba mugunta ba ce in ya gaji. Abin da ya yi kuskure a kai shi ne dalilin. Tsufa ba shi ne ciwon motar nan ba. Injin nan an san shi da juriya, kuma abin da na lissafa maka, wankin tanki, filta, allura, juyen mai, wataƙila da famfo, ƙaramin aiki ne in aka gwada da darajar motar. Ko da sayarwar za a yi, motar da ke tashi da bugu ɗaya da wadda ake turawa tana warin fetur ba kuɗinsu ɗaya ba, dillalai kuwa sun fi kowa sanin haka. Gyaran riba ne ga kowane magaji, ko an riƙe ko an sayar.

To ka same shi da wannan, ba da zancen "motar Baba ce, ba za a sayar ba". Ka ce: "Yaya, ka ba ni wata guda. Ga abin da aka gano, ga abin da gyaran zai ci." Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da mota ta kawo da abin da ta ci kowace ranar kasuwa, ka riƙa nuna masa da mahaifiyarku ba sai sun tambaya ba. In wata ya cika ta tsaya da ƙafafunta, ku zauna gaban malamin da ya san rabon gado da wani babba a dangi, a yi mata kuɗi. Ko ka sayi rabon sauran a hankali, ko a bar ta ta gida ana raba abin da ta samo bayan an cire ladan wahalarka, ko a sayar in haka mafi yawa suka zaɓa. Wanne ne daga ciki, a rubuta a sa shaidu.

In ka samu dama ka ja Yayan naka zuwa gareji ranar da za a sauke tankin, ya tsaya kusa da tsohon makaniken ya ga abin da zai fito cikin farin robar da idonsa. Ka sake rubuto mini bayan nan, ka faɗa mini inda mai ya tsaya a gilashi da kuma abin da aka samu a fatar tsohon famfo.